Sai Mutumin Kulob Ya Tafi

Tana tsakiyar shanya kaya a bayan gida labarin ya iso mata. Yaya Babba ne, wan mijinta, ya leƙo da waya a hannu, ko sallama bai yi ba.

"Ke, matar Tsani, kin ji abin da mijinki ya ja mana?"

Ta saki rigar da take matsewa cikin bokiti. "Lafiya, Yaya?"

"Ina fa lafiya! Ya yi tsalle ya dira a kan ƙafar wani, jijiyar gwiwa ta tsinke. Ɗauke shi aka yi daga fili. Kuma ana dab da sabunta kwantiragi."

"Shi ɗin yana cikin hayyacinsa? Yana magana?"

"Zai yi magana mana, ai ba baki ne ya tsinke ba."

Ya juya ya tafi yana latsa waya. Ta daɗe tsaye da jiƙaƙƙun hannuwa. Har yau idan ta tuna ranar, kalmar da take fara dawo mata ita ce "ya ja mana".

Tsani laƙabi ne da aka sa masa tun yana yaro, don duk abin da ya yi nisa a gida shi ake kira ya miƙo. Ya girma ya zama ɗan wasan ƙwallon kwando, kulob ke biyansa, ba shi da wata sana'a bayan ita. Benen da suke ciki da ƙwallon ya gina shi. Mahaifiyarsa Inna tana ciki, Yaya Babba da iyalinsa suna ciki. Shi Yaya tuntuni ya rufe shagonsa ya ce shi ne manajan ƙaninsa. Ita kuwa Gajera mijinta ke kiranta, don ko ta yi ɗage kanta ba ya kaiwa hammatarsa.

Aka yi tiyata, aka ce an yi nasara. Ranar sallama likita ya tsayar da ita da Yaya a bakin ƙofa, ya yi magana a hankali kamar mai koya wa yara karatu. Ƙafar ta zauna a miƙe, a ɗora ta kan matashi. A riƙa kawo shi wurin masu motsa jiki, kada a yi fashi.

"Abu ɗaya kuma, ku riƙe shi da kyau," in ji likita. "Idan sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi, ko numfashi ya fara yi masa wuya, kada ku jira komai, ku kawo shi. Jini yakan daskare a ƙafa. Idan gudan ya tashi, huhu yake toshewa. Kuma kada a murza ƙafar."

Gajera ta maimaita a ranta don kada ta manta. Yaya yana gefe yana amsa waya, yana ta cewa wani, "Ba komai ba ne, ɗan targaɗe ne."

Da suka iso gida sai suka tarar an sauko da kayansu daga sama. Yaya ya ce mai sanduna ba ya hawa bene, wannan kowa ya sani. Ɗakin da aka gyara musu a ƙasa shi ne wanda ake ajiye buhunan abinci a da. Shi kuma Yaya ya koma ɗakin sama da iyalinsa, wai don kada ɗakin ya yi ƙura.

Gadon ne ya tsayar da ita. Gadon Tsani na musamman ne, kafinta ya yi masa shi daidai tsawonsa. Yanzu ga shi nan a ɗakin, amma an datse shi daga ƙasa, garin katako ma ba a gama sharewa ba.

"Yaya, wa ya yanke gadon nan?"

"Ya ƙi shiga ɗakin, ƙofa ba ta rufuwa. Ni na kira kafinta. Ɗan abin da aka rage ai bai kai ya kawo ba."

"Likita ya ce ƙafar a miƙe."

"To ya kwanta a karkace mana. Ke kam komai sai kin mai da shi magana."

Tsani ya jingina da sandunansa ya dubi gadon, ya dube ta, ya yi murmushi. "Gajera, yau dai Allah ya yi, an samu gado daidai ke."

Ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujera ta ajiye a ƙarshen gadon ta ɗora matashi, amma bango bai bar wurin da kujerar za ta tsaya daidai ba. Kullum da safe sai ta tarar ya naɗe ƙafar cikin barci.

Zuwa motsa jiki kuwa, makon farko kawai aka yi shi yadda ya kamata. Mota ɗaya ce ke ɗaukar Tsani da ƙafa a miƙe, wato babbar motarsa, makullin kuma yana aljihun Yaya. Yau an kai yara makaranta, gobe Inna za ta gaisuwa, jibi mota tana wurin bakanike. Ran nan Gajera ta gaji ta tsayar da tasi a titi. Direban ya tura kujerar gaba har ƙarshe, ya dubi Tsani, ya dubi motarsa, ya sosa kai.

"Hajiya, wannan sai dai in buɗe ƙofa ƙafar ta riƙa gaisawa da mutane a hanya."

Tsani ya yi dariya har da buga sanda, suka koma ciki.

Abokan wasansa sun zo dubiya, Yaya ya tare su a ƙofa ya ce yana barci. Da ta tambayi dalili, sai ya ce, "Waɗannan bakinsu ba ya shiru. Su gan shi a haka, gobe duk kulob ta ji ya zama gurgu." Wayar Tsani ma ya karɓe, wai kiran mutane yana hana shi hutawa. Idan koci ya kira, Yaya ne ke ɗauka. Tana jin sa daga falo yana cewa, "Ai ya kusa fara gudu, koci. Jikin nan nasa ƙarfe ne."

Wata safiya tana goge wa Tsani jiki ta ji sha-raɓar ta yi tauri, ta yi zafi kamar an ɗora ta kan murhu. Ta gwada da ɗayar ƙafar, bambancin a fili yake. Ta fita ba ko ɗankwali mai kyau a kanta, ta sami Yaya yana shan shayi a falo.

"Yaya, abin da likita ya faɗa ne ya zo. Ƙafar ta kumbura. A ba da mota mu tafi yanzu."

Ya ajiye kofi. "Kin san wa zai zo gidan nan ƙarshen mako? Mutumin kulob. Shi zai ga jikinsa ya koma ya ce a sabunta ko kada a sabunta. Ki kai shi asibiti yau, su kwantar da shi, mutumin ya zo ya tarar da shi da ledar ruwa a hannu. Shi ke nan kin kashe mu."

"In jinin ya tashi fa?"

"Jini ba tsuntsu ba ne. Ki bari sai mutumin kulob ya tafi, ni da kaina zan kai shi."

Ta tafi wurin Inna. Ta durƙusa ta faɗa mata komai, har da abin da likita ya ce game da huhu. Inna ta saurare ta har ƙarshe tana gyaɗa kai.

"'Yar nan, ni na haife shi. Yaron da ko ciwon kai bai taɓa yi ba, shi kumburi zai kayar? Kwanciya ce ta yi masa yawa. Ɗora min ruwan zafi."

"Inna, likita ya ce kada a murza."

"Likitan nan ya girme ni ne? Duk targaɗen da ya yi yana yaro, da hannun nan na gyara."

Inna ta shiga ɗakin da tawul da man zafi. Ta gasa ƙafar, ta murza daga ƙasa zuwa sama da dukan ƙarfinta, tana yi masa addu'a. Tsani ya cije leɓe yana kallon rufi. Gajera ta tsaya a ƙofa ta ce, "Inna, don Allah," ta sake cewa, har Inna ta ɗago ta ce mata in ba za ta taimaka ba ta ba su wuri.

Washegari haki ya fara. Daga gado zuwa banɗaki sai ya tsaya ya dafa bango. Yaya ya gani da idonsa, ya ce, "Rashin atisaye ne. Mutumin da ya saba zagaye fili ya kwanta yana ci yana barci, ai dole ya yi haki. Ki rage masa abinci, tumbi yake yi."

Da suka rage su biyu ta zauna a bakin gadon.

"Maigida, kai ne mai gidan nan fa. Motar taka ce. Ka buɗe baki ka ce a kai ka."

Ya kama yatsunta yana wasa da su. "Kin san bakin da ke ci a gidan nan, Gajera. In kulob ta sake ni da gwiwa ɗaya, wa zai ɗauke ni? Ni ban iya komai ba sai jefa ƙwallo a kwando."

"Ni zan iya zama da kai a ɗaki ɗaya."

"Ɗakin da ya fi wannan tsawo dai ko?"

"Ba wasa nake yi ba."

"Na sani." Ya ja numfashi, ya jira ya dawo. "Kwana nawa ne? Mu yi haƙuri."

Ana gobe baƙon zai zo Tsani ya yi tari, ta ga ɗigon jini a hankici. Wannan karon ba ta tambayi kowa ba. Ta fita ta roƙi maƙwabcinsu mai motar ɗaukar kaya, mutumin kirki, ya ce ko yanzu. Ta shimfiɗa katifa a bayan motar, ta kamo Tsani, suka taho a hankali har bakin ƙofar gida. Nan Yaya ya riske su.

"Ina za a kai shi kamar buhun siminti? A buɗaɗɗiyar mota, duk unguwa tana kallo, yara suna ɗaukar hoto? Ke wai so kike ki tona mana asiri?"

"Jini ya tofar, Yaya! Ga shi, duba!"

"Man zafin da ya shaƙa ne ya kankare masa maƙogwaro." Ya juya wurin maƙwabcin. "Malam, mun gode, maganar gida ce."

Inna ta fito tana kuka, ta riƙe rigar ɗanta. "Ɗana, gobe ne kawai. Ka dubi 'ya'yan ɗan'uwanka. Kada ka bari mace ta raba ka da abincinka."

Tsani ya tsaya tsakaninsu a kan sanduna, ya fi kowa tsawo, gumi yana zubo masa. Ya dubi motar, ya dubi uwarsa.

"Gajera, bari. Gobe da ya tafi, sai mu wuce."

Maƙwabcin ya sauke katifar da kansa ya jingine a bango. Ya ce mata a hankali, "Motar tana nan, ko yaushe ne ki buga ƙofa."

Ranar da baƙon zai zo, tun da safe gidan ya ɗauki ƙamshi. Aka share fili, aka goge allon kwandon da ke tsakar gida, wanda tun da aka yi tiyata ba wanda ya kalle shi. Yaya ya kawo dogon wando mai faɗi ya ce a sa masa don ya rufe kumburin. Aka zaunar da Tsani a babbar kujerar falo, aka tura sandunan bayanta. Ita kuma aka ce ta zauna a kicin, maganar maza ce.

Mutumin kulob matashi ne mai gilashi, mai ladabi. Ya gaida Inna har ƙasa. Gajera ta shigo da shayi, ta ji yana tambaya, "Ɗan'uwa, yaya ƙafa?"

"Alhamdulillahi," Yaya ya amsa kafin Tsani ya buɗe baki. "Ai mu ke riƙe shi, da tuni ya koma fili."

Ta ajiye faranti. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙafar ta kumbura. Kuma numfashi..."

Yaya ya fashe da dariya. "Ka ji mata! Sauro ya cije shi sai ta ce a kira likita. So take ya zauna mata a gida."

Baƙon bai yi dariya ba. Ya dubi Tsani. "Haka ne? Akwai kumburi?"

Tsani ya dubi Inna. Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

"Ɗan kaɗan ne," in ji shi. "Lafiya lau nake."

"Tashi ka nuna masa," in ji Yaya. "Zo mu fita, ya gani da idonsa."

"Ba sai ya tashi ba," in ji baƙon. "Ni ba don wannan na..."

"A'a, ai gani ya fi. Tashi, Tsani!"

Ya tashi ba sanda. Ya taka zuwa tsakar gida yana dafa kafaɗar wansa kamar wasa suke. Aka miƙa masa ƙwallo. Ya buga ta a ƙasa, ya juya ta a hannu, fuskarsa ta ɗan saki kamar wanda ya ga tsohon aboki. Ya jefa, ta shige kwando ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Yaya ya yi tafi, ya ce, "Ka gani? Ƙara ɗaya!"

Aka dawo masa da ƙwallon, bai karɓa ba. Ta bugi cikinsa ta gangara. Ya dafe ƙirji, ya zauna a ƙasa a hankali, bakinsa a buɗe yana neman iska. Gajera ce ta fara isa gare shi.

Baƙon ya daka tsawa a kawo mota. Yaya ya shiga laluben aljihu, ya ruga sama neman makulli. Maƙwabcin ne ya ji ihu ya kawo motarsa, aka ɗora Tsani a baya ba ko katifa, kansa a cinyarta. Baƙon ya hau tare da su. Ya ja wandon sama ya ga ƙafar, ya dafe kai.

"Tun yaushe take haka?"

Ta faɗa masa.

"Innalillahi. Me ya sa ba a kira mu ba? Muna da likita, muna da mota!"

Tsani yana ƙoƙarin yin magana. Ta sunkuya ta kai kunne. Ya ce, "Ƙwallon ta shiga ko?" Ta ce ta shiga. Ya riƙe hannunta. Kafin su kai ƙofar asibiti riƙon ya saki.

Ranar da mutumin kulob ya zo ta'aziyya ya nemi a kira ta, ya yi magana a gaban Yaya da Inna. Ya ce kulob ba ta taɓa niyyar sakin Tsani ba. Tun yana asibiti aka yanke cewa zai ci gaba, ko da zai shekara bai taka fili ba. Abin da ya kawo shi ranar nan shi ne ya ji dalilin da ya sa aka daina kai shi motsa jiki.

Can Yaya ya share fuska ya ce, "Allah ya riga ya rubuta. Kwana ne ya ƙare."

Haka ya riƙa faɗa wa duk wanda ya zo. Mun yi iya ƙoƙarinmu. Ba abin da ba mu yi ba. Abin ya zo ne farat ɗaya, mutum yana wasa da ƙwallo lafiya ƙalau. Inna kuwa kuka take da gaske, ta rame ta lalace, tana cewa ita da hannunta ta yi jinyarsa. Abokan wasansa da aka hana shiga yana da rai, yanzu aka buɗe musu ƙofa suka cika falo, dogaye-dogaye, suna hawaye kamar yara.

Gajera ta san kwana yana ƙarewa, ba ta musu da wannan. Amma ta ga wanda ya kira kafinta. Ta ga aljihun da makulli yake ciki. Ta ji da kunnenta aka ce a jira. Mutanen nan ba ƙinsa suke yi ba, kuma wannan ne ya fi ci mata rai. Sun saba ganinsa babba, sun saba duk abin da ya yi nisa shi ke miƙowa, har suka manta cewa shi ma jini ne a jikinsa. Da ɗan Yaya ne ya yi tari da jini, da ko takalmi ba za a tsaya sawa ba. Ta faɗi haka sau ɗaya a tsakar gida, da ƙarfi, kowa yana ji. Aka ce zafin rashi ne, a yi mata uzuri.

Da ta gama takaba ta tattara ta koma wurin mahaifiyarta. Kafin nan an riga an raba kayansa. Motar dama tana inda take. Riguna aka kai wa tela ya rage su, agogo da kofunan da ya ci suka hau sama. Takalman wasansa ne kawai aka rasa mai so. Yaya ya gwada, ƙafarsa tana yawo a ciki. Ya ce, "Wannan ko kyauta aka bayar ba mai ɗauka. Ba wa matarsa."

Suna nan a ƙarƙashin gadonta. Kullum da safe, in ta gama shara, sai ta jawo su ta goge da ɗan tsumma, ta sassauta igiyoyin, ta ajiye su a bakin ƙofa su sha iska. Kafin rana ta kai wurin sai ta mai da su ciki, don ta taɓa jin Tsani ya ce rana tana busar da roba.